BIRON ASIBITI DA ALƘALAMI MAI TSADA: YADDA AKE TSAFTACE SU BA TARE DA AN LALATA SU BA



  

Darasinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da kowa ke riƙewa amma ba mai wanke shi, wato biro da alƙalami. Wani zai ce, Malam, duk cututtukan da suka dami mutane, sai biro? To ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya na kai mai ɗakina asibiti. A tagar yankan kati akwai biro guda ɗaya, an ɗaure shi da zare don kada a tafi da shi. Ina zaune a benci ina kallo. Wani bawan Allah ya yi tari a tafin hannunsa, ya ɗauki biron ya sa hannu. Wata baiwar Allah ta gama gyara wa jaririnta ƙunzugu, ta ɗauka ta rubuta. Wani saurayi kuma da yana tunanin lambar wayar da zai cike a fam, sai ya kai gindin biron bakinsa yana taunawa. Da layi ya zo kaina na ce a raina, ni kam ba zan taɓa wannan ba. Na zaro alƙalamina mai shan tawada, wanda wani almajirina ya kawo min tsaraba shekaru da yawa da suka wuce. Ina gama rubutu na bayana ya ce, Baba ara min. Ka san kunya irin tamu, na ba shi. Shi ma ya miƙa wa na bayansa. Sai da ya ratsa hannun mutum huɗu kafin ya dawo aljihuna.

Da na koma gida na ɗauko sipirit na jiƙa auduga sharkaf na goge shi tas, ina ganin na yi dabara. Wayewar gari jikin alƙalamin ya yi fari-fari, ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Kuskure biyu na yi a yini ɗaya: na kai alƙalami mai daraja inda bai kamata ba, na kuma tsaftace shi da abin da jikinsa ba ya ɗauka. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta muku abin da na koya bayan nan.

*ME YA SA BIRO YAKE ƊAUKAR CUTA?*

Ku duba rayuwar biro a asibiti. Likita ya taɓa majinyaci ya ɗauki biro ya rubuta. Ya wanke hannu, ya sake ɗaukar biron nan da bai wanku ba, ya wuce gado na gaba. Malamar jinya wani lokaci da safar hannu a hannunta take rubutu. Mai jinya ya kwashe kwanon amai, aka ce zo ka sa hannu, ya karɓi biro. Hannu ana wanke shi sau da yawa a yini, biro kuwa daga ranar da aka saye shi har tawadarsa ta ƙare bai san ruwa ba.

Sannan ga inda muke ajiye shi: aljihun gaba, bayan kunne, cikin hula, cikin gashi ƙarƙashin ɗankwali, cikin jaka tare da goro da dabino. Wasu da murfinsa suke sosa kunne, wasu su yi sakace da shi. Yara kuma da sun gan shi sai baki.

Likitoci sun daɗe da lura da wannan. A shekarun 1997 da 1998 mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila ta buga rahotannin binciken da aka yi a kan birukan likitoci da malaman jinya, aka samu ƙwayoyin cuta irin na asibiti a jikinsu. Cikinsu har da wadda ake ce wa sitaf, mai kawo maruru da ruɓewar rauni, har da nau'inta da ya gagari magungunan da aka saba bayarwa. Ita wannan ƙwaya kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa lafiya lau bai sani ba, sai ta samu rauni ko jiki mai rauni take nuna halinta. Tana iya yin makonni da rai a kan busasshen abu.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini tana da ƙarfin kama mutum. Ta korona, a gwajin da aka yi a 2020, an same ta da rai har awa 72 a kan roba da ƙarfe. Ciwon ido na afolo, da amai da gudawa, da mashaƙo irin wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023, duk suna iya bin hannu da kayan da hannu ya taɓa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana bin jini da ruwan jikin majinyaci, shi ya sa yake yawan kama ma'aikatan lafiya.

Ban ce duk wanda ya taɓa biron asibiti zai kwanta ba, a'a. Fatar mai lafiya katanga ce. Hatsarin yana zuwa ne idan hannun ya tafi baki, ko hanci, ko ido, ko kan rauni, ko abincin jariri. Kuma wanda ya fi shiga hatsari shi ne wanda jikinsa ya riga ya yi laushi: jariri, mai jego, tsoho, mai ciwon suga, mai sikila, wanda aka yi wa aiki.

*TSARKI DABAN, KASHE ƘWAYAR CUTA DABAN*

A nan mutanenmu suke ruɗewa. A fiƙihu mun karanta cewa abu yana zama mai najasa ne idan bawali ko bayan gida ko jini mai kwarara da makamantansu sun taɓa shi, kuma ruwa mai tsarki yana gusar da hukuncin najasar. Wannan hukunci ne na ibada, don sallarka ta inganta. Biron da mai tari ya riƙe, a shari'a mai tsarki ne, ka yi salla da shi a aljihu ba komai. Amma mai tsarkin nan yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da ɗanka. Haka ma abin da ka ɗauraye da ruwa zalla, najasa ta tafi, ƙwayar cuta tana iya saura. Saboda haka mai hankali yana haɗa biyun, ya kiyaye tsarkinsa, ya kuma kiyaye lafiyar iyalinsa. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mun san ba abin da zai samu bawa sai da ƙaddarawar Allah, kuma Shi ne ya hore mana sabulu da hankali.

Sai tambayar da na san za ta zo: Malam, sipirit ba giya ba ce? Malamai sun yi saɓani tun da can a kan ko ita giya jikinta najasa ne, mafi yawa sun ce najasa ce, wasu sun ce haramcin sha ne kawai. Amma game da sipirit na asibiti, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na shekarar 2002, ta halatta amfani da shi a wajen jiki don tsaftace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Ba don sha aka yi shi ba, an ma zuba masa abin da zai hana a sha, kuma yana bushewa ya tashi cikin ɗan lokaci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, bayan ya bushe ya bi da tsumma mai ɗan ruwa, shi ke nan.

*KAYAN AIKI GUDA UKU*

*1. Sabulu da ruwa.* Shi ne na farko kuma shi ne uban tafiya. Maiƙon hannu da gumi da datti suna yi wa ƙwayar cuta rumfa, in ba a cire su ba maganin da za ka sa daga baya ba zai kai gare ta ba. Sabulu yana ɗaga maiƙon ya tafi da mafi yawan abin da ke maƙale. Duk abin da za ka yi, fara da shi. Ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun wanke-wanke na ruwa a rabin kofin ruwa ya isa.

*2. Sipirit.* Wanda ake saya a kyamis. Ku duba jikin kwalbar. Wanda ya fi aiki shi ne mai ƙarfin 70 cikin 100. Mutane suna zaton in ya fi ƙarfi ya fi kisa, alhali mai 95 yana bushewa da wuri kafin ya gama aikinsa, kuma ɗan ruwan da ke cikin mai 70 shi ke taimaka masa ya ratsa jikin ƙwayar. In mai 95 ka samu, zuba murfi 3 na sipirit da murfi 1 na ruwa mai tsafta, ka samu kusan 70. Sharaɗinsa shi ne wurin ya zauna da danshi kamar minti 1, sannan a bar shi ya bushe da kansa. Shafa ɗaya fyat ka mayar aljihu, ba ka yi komai ba. A kiyaye, yana kama wuta, kada a yi kusa da murhu ko risho ko kaskon turare. Kuma guba ne, wanda aka sha yana iya makantarwa ko ya kashe, a ɗaga shi inda yara ba sa kaiwa.

*3. Ruwan bilic,* irin su Hypo da Jik. Shi ne ya fi ƙarfi, yana kashe har waɗanda sipirit ba ya iyawa sosai, kamar wasu ƙwayoyin gudawa da na afolo. Amma ba a amfani da shi tsagwaronsa. Karanta jikin kwalba ko leda. In an rubuta 3.5%, zuba babban cokali 1 a ruwa rabin lita, wato ledar fiya wata guda. Wannan shi ne haɗin goge kaya, ya zauna aƙalla minti 1, sannan a bi da ruwa zalla a shanya. In jini ne ko amai ya zuba, haɗin ya fi haka ƙarfi, awo 1 na bilic da awo 6 na ruwa. Haɗin na yini ɗaya ne, gobe a sake sabo, don ƙarfinsa yana gudu. Kada a taɓa haɗa bilic da sipirit, ko da khal, ko da lemun tsami, ko da wani maganin wanke banɗaki. Hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

*KOWANE ALƘALAMI DA NASA*

*Biron roba na yau da kullum.* Cire murfin. Goge jikinsa da murfin da tsumma mai ruwan sabulu, ka tsane. Jiƙa auduga da sipirit, ka bi shi daga wajen riƙo zuwa gindi, ka shiga cikin murfin da tsinken auduga, ka bi ƙarƙashin maƙalin aljihu, don a nan datti ke taruwa. Kada ka dirza kan bakin da yake rubutu, sipirit yana narkar da tawadar biro, sai ya ɓata maka hannu da riga. Ajiye shi a kan takarda mai tsafta ya bushe kafin ka mayar da murfi. In robar ta ɗan dushe bayan an yi ta gogewa, ba asara ba ce. Biron da aka tattauna gindinsa, ko ya tsage, ko mai robar riƙo da ta saki ta yi danƙo, ba ya tsaftatuwa. Haka wanda jini ko amai ko ruwan rauni ya taɓa. A ƙulle shi a leda a jefar, a wanke hannu. Kuɗin sabon biro bai kai kuɗin kati ba, balle na gado.

*Biron ƙarfe,* irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Wannan shi ya fi dacewa da mai zuwa asibiti kullum, don jikinsa sumul ne kuma yana jure sipirit ko sau nawa. Yadda aka yi wa na roba haka za a yi masa. Bilic kam a rage sa masa, yana cin ƙarfe a hankali ya bar ɗigo-ɗigon tsatsa. In lalura ta sa an yi, a ɗauraye nan take a tsane. In an yi wa ƙarfen fenti ko ruwan zinare, ya fita daga wannan aji ya koma na gaba.

*Alƙalami mai tsada.* Ina nufin mai shan tawada da ake ba mutum kyauta ranar kammala karatu ko ritaya, ko na gado, irin su Parker da Montblanc da Pelikan, da birukan alfarma masu sheƙi. Abin da ya sa suke da kyau shi ne ya sa ba sa jure wahala. Da yawansu an yi jikinsu da wata roba mai ƙyalli da sipirit ke tsattsagawa, kamar yadda ya faru da nawa. Tsofaffin na da can, wasu robarsu narkewa take yi in sipirit ya taɓa ta, wasu baƙaƙen kuma in sun jiƙa a ruwa ko sun sha rana sai su koɗe su koma ruwan ƙasa. Ruwan zinaren da ke zobensu da maƙalinsu siriri ne ƙwarai, bilic yana cinye shi. Na katako da na fata kuma shanye ruwa suke yi. Ga yadda za a bi da su:

Na ɗaya, wanke hannunka tukuna.

Na biyu, cire murfin. Samo tsumma mai laushi, irin na goge tabarau ko tsohuwar farar shadda da ta sha wanki. Tsoma shi a ruwan sabulu mai ɗan ɗumi kaɗan, wanda bai wuce ɗumin jiki ba, ka matse shi sosai.

Na uku, goge jikin da murfin da wajen riƙo a hankali, ka maimaita sau biyu, kana juya tsumman. Wajen riƙo ya fi buƙata don nan yatsu ke zama.

Na huɗu, bi da wani tsumman mai ruwa zalla don cire sabulun, sannan busasshe.

Na biyar, bar shi a buɗe a inuwa ya sha iska kafin a rufe. Ba a rana ba, ba kusa da wuta ba.

In bakin alƙalamin ne ya ƙazantu, zazzage tawadar, ka zuƙi ruwan sanyi mai tsafta ka fesar, ka yi ta yi har ruwan ya fito fari, ka kafa bakin a kan tsumma ya tsane kwana ɗaya. Kada a tsoma alƙalamin gaba ɗaya a ruwa, kada a sa ruwan zafi, kada a zuba sipirit a cikin ma'ajin tawada.

Bayan haka, in kana da halin haƙura da shi, sa shi a ambulan ka ajiye a durowa kamar mako guda. Ƙwayoyin mura da tari da yawa ba sa kai haka a busasshen wuri. Sai dai ajiyar ƙari ce a kan wankin sabulu, ba ta maye gurbinsa, tunda na gaya muku akwai masu yin makonni.

In ka matsu sai ka sa sipirit, duba takardar da ta zo da alƙalamin ko ka tambayi mai sayarwa. In babu, ɗiga kaɗan a wani lungu da ido ba ya gani, ka jira kwana ɗaya ka ga abin da zai faru. Ni da na yi haka da alƙalamina yana nan.

Gaskiyar magana dai, alƙalamin da ba ya jure sipirit ba na asibiti ba ne. Likita ko malamin jinya da ke cikinmu, bar shi a ofis ko a gida don sa hannu a takardu, ka shiga ɗakin majinyata da na ƙarfe ko na roba.

*ALƘALAMIN KARA DA TAWADAR ALLO*

Wannan ya shafe mu mu malamai. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan rubutun sha ba, kowa ya san mazhabar malaminsa. Magana nake a kan tsafta, don abin da aka rubuta aka wanke, cikin majinyaci zai shiga, sau da yawa ma yaro ne ko mace mai ciki.

Alƙalamin kara jikinsa soso ne, yana shan duk abin da ya taɓa, ba a iya tsaftace cikinsa. Kada a sa masa sipirit ko bilic, kada a sa wa allon da za a wanke a sha, guba za ka ba mutum. Maganinsa sauƙi ne: kara ba tsada, a fiƙe sabo da wuƙa mai tsafta, a ware na rubutun sha daban da wanda almajirai ke karatu da shi. A bar ɗabi'ar lasar bakin alƙalami ko tsarta miyau a kurtu in tawada ta bushe. A dama tawadar da tafasasshen ruwan da ya huce, a dama kaɗan, a rufe kurtun. Tawadar gawayi da ƙaro in ta kwana biyu a jiƙe tana yin tsami da funfuna, wadda ta canza wari a zubar. Allon a wanke shi da sabulu a ɗauraye sosai a shanya a rana kafin a yi rubutu. Ruwan wanke rubutun ya zama wanda kai malam za ka iya sha. Tawadar biro da ta maka da ta kwalba ta kanti ba a yi su don ciki ba, kada a rubuta abin sha da su ko kusa. Malamin da ke fama da tari ko gudawa ko ƙurji a yatsa, ya dakata har ya warke. Kuma mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da suga a garzaya asibiti, addu'a tana biye.

*ABUBUWAN DA BA SA WANNAN AIKIN*

Ni mai maganin gargajiya ne, shekaruna sun haura sittin ina harka da itatuwa, don haka ku karɓi wannan daga bakina. Darbejiya, lemun tsami, khal, man habbatus sauda, zuma, kanumfari, kowanne yana da wurinsa da amfaninsa. Amma ba zan ce maka ka dogara da ɗayansu wajen tsaftace biron da ya fito daga ɗakin masu kwalara ba. Ba a san adadin ƙarfinsu ba, yau ya yi kauri gobe ya yi ruwa, kuma mai da zuma danƙo suke bari wanda ƙura za ta manne. Hayaƙin turaren wuta ƙamshi yake sawa kawai. Turaren fesawa yana ɓata jikin alƙalami mai sheƙi. Man goge hannu mai kauri na sanitaiza, in ba komai a kusa ya fi babu a kan biron roba, sai dai yana barin yauƙi, kuma shi ma sipirit ne, kada ya taɓa mai tsada. Tafasawa tana lanƙwasa biro ta zubar da tawada. Shanya a rana ma haka. Gogewa a jikin riga kuwa, raba dattin ka yi tsakanin biro da riga.

*ƊABI'UN DA ZA MU RIƘE*

1. Za ka asibiti, ko awo, ko dubiya, tafi da bironka mai araha. In da hali sa biyu, ɗaya naka ɗaya na aro. Wanda ya ara ka ce ya riƙe, ka samu ladan kyauta ka kuma huta.

2. In dole ta sa ka yi amfani da na taga, ba laifi, amma kada hannun ya je fuska sai ka wanke. Wankin sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar.

3. In ana jinya a gida, a ware biro ɗaya da littafi ɗaya na rubuta lokutan magani, su zauna a ɗakin majinyacin. A goge biron kullum. Yara kada su ɗauka su yi aikin makaranta da shi.

4. Wanda ke aiki a asibiti ko kyamis ko ɗakin gwaji, biron aiki ya kwana a wurin aiki. In ya biyo ka gida, a goge shi kafin ya shiga ɗaki. A goge shi a farkon aiki da ƙarshensa, da duk lokacin da aka taɓa shi da safar hannu.

5. Kada a taɓa rauni ko ƙurji ko kumburi da biro don nunawa.

6. A hana yara da manya sa biro a baki, da kunne, da hanci.

7. Abin da na faɗa a kan biro, waya da carbi da makulli ma hannu ɗaya ne yake ɗaukarsu. In Allah ya kai mu za mu yi nasu darasin.

'Yan uwa, alƙalami abu ne mai girma a wurinmu, har sura guda aka sa wa sunansa a cikin Alƙur'ani. Da shi likita ke rubuta maganin da za ka sha, da shi malam ke rubuta wa yaro allonsa. Bai dace abin da ake neman lafiya da ilimi da shi ya zama shi ke kai wa jariri cuta ba, alhali ɗan sabulu da minti ɗaya sun isa.

Wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwa, musamman masu jinya da masu aikin asibiti. Mai tambaya ya turo, za mu amsa gwargwadon abin da Allah ya sanar da mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, Allah ya yafe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinya da alheri, ya tsare mana zuri'a, ya jiƙan magabatanmu. Amin.